Waiwaye: Jan rubutun da tsohuwar Windows ta kasa nunawa

Shekaru goma da ƴan kai da suka wuce, ɗalibin da ya rubuta manhaja a Linux, ya ƙawata ta da launi, sannan ya kai ta kan Windows 7 irin ta shagunan buga takardu a Magarya ko Dungas, ya sha takaici. Maimakon jan rubutu, sai baƙin allon ya zubo masa tarkace: ←[31m a gaban kowane layi.

Dalili kuwa, umarni manhaja take aikawa, allon ne ke shafa launin. Tana tura harafi mai lamba 27, sai baka, sai lambar launi da harafin m: 31 ja, 32 kore, 33 rawaya, 0 kuma a koma yadda ake. An tsayar da tushen wannan tsari a 1976 cikin ƙa'idar ECMA-48, na'urar VT100 ta kamfanin DEC ta yaɗa shi daga 1978, Linux da Mac suka gaje shi. Microsoft ta bi tata hanyar: dole manhaja ta roƙi Windows launi da wani kira na dabam. Sai a ƙarshen 2015 Windows 10 ta soma gane waɗannan lambobi, shi ma sai manhajar ta kunna. Kafin nan masu rubuta manhaja da yaren Python da colorama suke fakewa, mai yi wa Windows tafinta.

Ni dai a ganina babban kuskuren zamanin shi ne ɗora wa launi dukan saƙo. Mutanen Magarya sun fi kowa sanin haka. A nan ƙungiyar likitocin MSF ke yaƙi da tamowa tun 2005, kuma uwaye sun san igiyar awon damtsen yaro: ƙasa da milimita 115 ja, zuwa 125 rawaya, sama da haka kore. Amma igiyar tana ɗauke da lambobi, ko launi ya koɗe ma'aikacin lafiya zai karanta. Manhajar da jan rubutu kaɗai ke nuna kuskurenta ta bar wanda idonsa ba ya rarrabe ja da kore, da wanda ya juye sakamakon cikin fayil, inda lambobin launi ke komawa shara.

Saboda haka ƴan'uwa masu koyon rubuta manhaja, ku sa ta fara duba ko allo ne ke karɓar rubutun, ta girmama umarnin hana launi na NO_COLOR idan mai kwamfuta ya sa shi, kuma ku rubuta kalmar "Kuskure" ɓaro-ɓaro kafin ku shafa mata ja.