Kafin ka ƙara wa mota wuta, ka tambayi birkinta

Yau da samarinmu za mu yi, kuma mun san wasu za su ji haushi. To su yi haƙuri.

Duk wanda ke kwana kusa da titin RN1 ya san ƙarar da muke nufi. Bayan isha'i sai ka ji wata tsohuwar Golf ko Mercedes 190 ta tsaga gari kamar jirgi zai tashi. Mai ita ya tara jikka ɗari biyu da ƙyar, ya kai gareji ya ce a "ƙara mata wuta". Mu kuwa muna cewa an cuce shi, kuma da hannunsa ya miƙa kuɗin.

Ku duba abin da ake yi mata. A fasa salansa, a fidda abin tace hayaƙin nan da 'yan ƙetaren iyaka ke kira indomi. Ƙara ta ƙaru, yaro ya ji kamar ya samu dawaki goma, alhali ƙarfin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Abin da aka fidda kuma yana ɗauke da ƙarafa masu tsada, akwai masu sayensa. Ka taɓa tambaya ina naka ya tafi? Daga nan a cire matatar iska, wai injin ya sha iska da kyau. A ƙasar nan! Inda hunturu ke cika mana hanci da ƙura tun Disamba har Fabrairu. Ƙurar da matata ke tarewa ita ce za ta shiga silinda ta riƙa goge ƙarfe kamar yashi, ba da jimawa ba mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi shuɗi.

Wanda ya fi ba mu takaici shi ne aske kan injin. Gaskiya ne idan an rage shi matsi yana ƙaruwa, ƙarfi ya ɗan ƙaru. Amma injin mai matsi sosai mai kyakkyawa yake so. Wane mai muke sha? Na kwalba a bakin hanya, wanda ba ka san da me aka haɗa shi ba. Sai man ya riƙa kamawa tun lokacinsa bai yi ba, ka ji injin na ƙyas-ƙyas in ka taka. Haɗa da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da lagireto da ba a wanke ba tun da motar ta baro Kwatano, sai gasket ya ƙone tsakanin Tsernawa da Galmi, a ɗaure ta da igiya a jawo.

Ga shi kuma zamanin mai na banza ya wuce. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, garaɓasar da Konni ta saba da ita ta ƙare. Ko da gwamnati ta sauko da lita daga 540 zuwa 499 a Yulin 2024, motar da aka ɓata wa tsari shan mai take kamar raƙumi ya samu rijiya.

Wani zai ce, kuɗina ne, motata ce, ina ruwanku? Da injin kaɗai abin zai tsaya da mun yi shiru, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma hanyar ta kowa ce. A kanta tirelolin siminti na Malbaza suke, da manyan motocin albasar Galmi, da amalanken jaki marar fitila, da 'yan kabu-kabu, da ɗiyanmu masu tsallakawa zuwa lakwal. Mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 cikin daƙiƙa guda. Kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki ka wuce gida biyu. Kuma tazarar da birki ke buƙata a 120 ta ninka ta 80 fiye da sau biyu. Wannan lissafi ne, babu layar da ke canza shi. Balle a kan tayoyin gwanjo da suka gama aikinsu a Turai.

Ba mu ce son mota laifi ne ba, mu ma mun yi ƙuruciya. In jikka ɗari biyun ce gare ka, fara da ƙasa. Duba gefen taya, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, an yi ta a mako na 23 na 2014, ka rabu da ita ko da zanenta bai goge ba. Sai birki da mansa. Sai lagireto da fanka. Abin da ya saura ka yi juyen baƙin mai, ka sa sabuwar matata da sababbin fulogi. Wallahi yawancin motocin da ake cewa ba su da wuta, wutar da kamfani ya ba su ce ta ɓace saboda rashin kula, kuma da wannan kaɗai za ta dawo.

Makanikai, ku ma da ku muke. Akwai masu tsoron Allah a cikinku da ke faɗa wa yaro gaskiya ko da zai tafi wani gareji, mun san su. Saura kuma ku ji: in kun san birkin mota ya mutu kuka ƙara mata gudu, kuna da kaso cikin abin da ta aikata. Haka iyayen da ke tsaye suna murmushi ranar ɗaukar amarya, yara na juya mota a tsakiyar mata da ƙananan yara ana tafi.

Masu unguwanni da shugabannin garejoji, ku zauna kan wannan kafin bukukuwan bayan girbi su kankama. In kun sa rana, ku aiko mana, za mu sanar a nan.