Ruwa a Ƙofar Gida, Duhu a Ɗaki

A makon jiya na kwana gidan wani ɗan'uwana manomin shinkafa a ƙasar Bagudo, kusa da Tsamiya, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Bayan magariba na ga 'ya'yansa sun kewaye tocilan ɗaya suna bitar karatu. Shi kuwa yana gefe yana lissafi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, in ji shi, injin ban-ruwa ke lashe ribar noman raninsa.

Abin takaicin shi ne, kogin Neja da ke ratsa Bagudo shi ke gangarawa ya cika tafkin Kainji, wanda aka kammala a 1968, daga baya ƙarfinsa ya kai megawat 760. Daga can babban layi ya taho Birnin Kebbi, wani ya zarce Yamai. Benin ma tana sayen wuta daga gare mu ta layin Legas zuwa Sakete.

Wasu na cewa a daina sayar wa maƙwabta sai gida ya ƙoshi. Ban yarda ba, domin mun riga mun gwada. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, an yanke musu wuta har tsawon watanni. 'Yan'uwanmu na can sun sha wuya, amma ƙauyen da babu turke ko taransfoma bai ga haske ba. Ashe ciwonmu ya fi ƙarancin wuta. Har da rashin hanyar kai ta ga talaka.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Saboda haka gwamnatin Kebbi ba ta da sauran uzuri. Ta haɗa kai da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, a kafa ƙananan tashoshin sola a garuruwa irin su Illo, Lolo da Ka'oje, a fara da asibitoci da makarantu. A kuma ba manoma bashin injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, su biya bayan girbi.

Mu ma da namu nauyin: mu biya kuɗin wuta, mu tsare kayan daga ɓarayi. Ɗan'uwana ba sadaka yake nema ba. Wutar da zai biya yake so, wadda za ta zo a kan lokaci.