Me ya sa klorokwin bai yi wa korona komai ba? Zare 🧵

1/ A 2020 da aka rufe makarantu na koma gida Faru. Duk wanda zai shiga Talata Mafara sai an ba shi saƙon klorokwin, wai maganin korona ne. Ni ma na sayo wa Baffa. Har yau abin yana ci min rai.

2/ Baffa yana da hawan jini. Ya sha fiye da ƙima, kwana biyu yana fama da jiri da ƙaiƙayi, zuciya na bugawa ba daidai ba. Allah ya sa da sauran kwana. Daga baya na zauna na karanta yadda cutar ke shiga jiki, sai na gane wautar da muka yi.

3/ Ƙwayar korona tana da ƙayoyi a jikinta. Ƙayar nan ita ce mabuɗinta. A jikin ƙwayoyin halittar hancinmu da maƙogwaro da huhu akwai wani furotin mai suna ACE2. Shi ne kwaɗon da mabuɗin ke shiga.

4/ ACE2 ba don cuta Allah ya yi shi ba, yana cikin masu daidaita bugun jini. Kuma kowa yana da shi, gwamna da mai turin baro. To ina maganar "cutar masu kuɗi ce"?

5/ Amma kama kwaɗo kaɗai bai isa ba. Sai an yanka ƙayar tukun ta iya manne da fatar ƙwayar halitta ta zuba kayanta ciki. Mai yankan kuma namu ne, wani almakashi a bakin ƙofa da ake kira TMPRSS2. Ɓarawo da ɗan gida kenan.

6/ Idan babu wannan almakashin, akwai ƙofar baya. Ƙwayar halitta takan haɗiye cutar cikin wata 'yar jaka mai tsami, a can wani almakashin, katefsin, ya yi yankan.

7/ Ga inda klorokwin ya shigo. Yana rage tsamin jakar nan, sai katefsin ya kasa aiki. A gwajin farko an yi amfani da ƙwayoyin halittar ƙodar biri, waɗanda ba su da TMPRSS2 sosai. Ƙofar baya kaɗai gare su, don haka maganin ya yi kamar yana aiki.

8/ A 2020 masu bincike a Jamus suka gwada shi a ƙwayoyin huhun mutum. Bai hana komai ba. Cutar ta bi ƙofar gaba abinta. Mun saka wa taga sakata, ƙofar zaure a buɗe.

9/ A Ingila ma babban gwajin da aka yi kan marasa lafiya da ɗan'uwansa haidroksiklorokwin bai rage mutuwa ba. Amma tun Maris, bayan Trump ya yabe shi, an riga an kwantar da mutane a Legas saboda shan sa da yawa.

10/ Rigakafi kuwa ƙayar yake nuna wa jiki tun kafin cutar ta zo, sojojin jiki su san ta, su toshe mabuɗin kafin ya taɓa kwaɗo. Shi muka guje wa, muka rungumi wanda bai tare ko'ina ba.

11/ Ra'ayina: laifin namu ne, mu masu waya. Iyayenmu ba su karanta saƙon WhatsApp ba, mu muka karanta musu, mu muka sayo. Sun yarda da mu saboda mun yi boko.

12/ Wata annobar za ta zo, wani "maganin" zai yaɗu. Kafin ka tura, tambayi abu biyu: a jikin me aka gwada shi, kuma wace ƙofa yake tarewa? In ba amsa, ka tambayi ma'aikacin lafiya, ka bar Baffanka ya huta. Allah ya tsare mu.