Jinyar Mahaifi Bayan An Sallamo Shi

Idan hawan jini ya kai ga shanye wa maigida ɓarin jiki, asibiti kan cika da 'yan dubiya, kowa da kwanonsa. Da zarar an sallamo shi sai ƙafa ta ɗauke, alhali kuwa a sa'an nan jinya take farawa. Juya shi a shimfiɗa don gudun gyambo, motsa masa gaɓoɓi, rage gishiri a miya, duk akan bar wa uwargida, ita ma ga tsufa. Kuskure ne 'ya'ya maza su zaci aiko da kuɗi ya sauke musu nauyi. Wanka da kai shi bayan gida aikinsu ne, domin dattijo yana jin kunyar 'yarsa; haka nan riƙa shi yana koyon taku, wata da watanni, har ya iya kai kansa masallaci da sanda.