Ajiya Daban, Ɓoyo Daban: Gargaɗi ga Dattawanmu

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani ajiya daban, ɓoyo daban, ko da yake rumbu ɗaya ke ɗaukarsu.

Mu mutanen Jibiya ba sai an kawo mana misali daga nesa ba. An rufe iyaka cikin Agusta 2019, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufe ta cikin Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024 aka buɗe. A waɗannan shekaru fatauci ya yi sanyi a hanyar Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, abinci ya yi tsada, muka ga mutum iri biyu. Ɗaya ya ajiye geron gonarsa domin cimar iyalinsa har kaka. Ɗaya ya saye na kasuwa ya kulle, yana jiran maƙwabcinsa ya ji yunwa. Na farko malaman mazhabar Maliku ba su ga laifinsa ba. Na biyu shi ne mai ihtikari, sun kuwa hana shi muddin yana cutar da jama'a. Annabi Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai, amma domin ranar rabawa ya tara.

To, ni abin da nake auna wannan al'amari da shi tambaya uku ce. Domin wa aka ajiye? Har yaushe? An fitar da haƙƙin da ke kansa? Hatsin damina in ya kai wusuƙi biyar, watau sa'i 300, ushurinsa na mabukata ne. Duk abin da mai shi ya kasa amsa masa tambayoyin nan, ya tashi daga ajiya ya koma ɓoyo. Mai ɓoyo kuwa shi ke fara hasara. Ku tuna da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, yadda aka riƙa fito da kuɗin da aka daɗe da ɓoyewa, waɗansu har sun ruɓe.

Kada mu malamai mu ce maganar 'yan kasuwa ce kaɗai. Namu rumbun shi ne adakar littattafai. Tara littafi abin yabo ne in ana buɗe shi. Amma ga dattijo ganinsa ya raunana, Risala da Muhtasar da Ishiriniya suna kulle cikin gafaka, gara na ci, almajiri kuwa na yawon neman aro. Ran da ya cika sai a yi musu kuɗi cikin gado, juzu'i ɗaya ya tafi gidan wannan, ɗaya gidan wancan, wani lokaci ga wanda bai san baƙi ba. Haka rigunan da asu ke ci cikin akwati, da kwanonin jere da ba a taɓa zuba musu tuwo ba.

Saboda haka nake roƙon dattawanmu su rage kaya da hannunsu tun da sauran lafiya, domin shari'a ta sa wa abin lokaci. Kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na da lafiya. In ciwon ajali ya kama, ba shi da iko sai kan sulusin dukiyarsa, kamar wasiyya. Wasiyya kuwa ba a yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda. Littattafai ana iya yin hubusi da su ga makaranta ko masallaci, a rubuta, a kafa shaidu biyu. Bashi da amanar mutane, na nan da na ƙetaren iyaka, a rubuta su tun baki na iya faɗi. Kuma kada a fifita wani ɗa bisa wani da sunan rage kaya, wannan shuka gaba ne.

Ku almajirai, kada wani ya ɗauki takardar nan ya je yana ƙirga wa mahaifinsa riguna. Tsoho yana riƙe abu ne domin wanda ya ba shi, ko domin yunwar da ya taɓa gani, irin ta farin 1973. Ku tambaye shi labarin kowane abu da ladabi, sa'an nan ku tambaye shi wa yake so ya ci moriyarsa.

Allah shi ba mu wadar zuci, shi sa mu cika da imani. Wassalamu.