Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ɗakin gwajin kimiyya, wadda nake ganin ya kamata mu yi magana a kanta tsakaninmu. Ita ce gyara sakamakon gwaji don ya dace da abin da ke cikin littafi. Ni ma na yi, shi ya sa nake da bakin magana.

A zangon da ya wuce malaminmu na Fizik ya sa mu auna ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi. Littafi ya ce duk abin da aka saki daga sama, gudunsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan guda, in dai iska ba ta tare shi ba. Muka hau benen azuzuwa, muka auna daga baranda zuwa ƙasa, mita 5. Ɗaya ya saki dutse, ni kuma ina riƙe da agogon da ake auna masu tsere da shi. Lissafin ba wuya: a ninka tsawon sau biyu, a raba da lokacin da aka ninka da kansa.

Da farko na sami sakan 1.2, lissafi ya ba mu 6.9. Muka sake, na sami 0.9, ya ba mu 12.3. Da na ga an kusa kaɗa ƙararrawa, sai na rubuta sakan 1.01, wanda ban taɓa gani a agogon ba, amsa ta fito daidai da ta littafi. Malam ya duba, ya miƙo mini agogon, ya ce in sake samo wannan adadi a gabansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Bai hore ni ba. Tambayata ya yi, me ya sa amsoshina na gaskiya suka sha bamban haka? Sai da na kwana ina tunani na gane. Dutsen sakan ɗaya kacal yake yi a hanya, yatsan mutum kuwa yakan makara da wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafin ya danna. Ga shi kuma ana ninka lokacin da kansa, don haka ƙaramin kuskure sai ya zama babba. Da 9.8 ɗin ƙarya ta wuce, har abada ba zan san wannan ba.

Washegari muka ɗaura ƙaramin ƙarfe a zare mai tsawon mita 1, muka bar shi yana lilo. Zuwa da dawowa ashirin suka ɗauki sakan 40.2, lissafi ya ba mu 9.77. Wani ya ce mu cike ta ta zama 9.8, na ƙi. Ashe ma ƙarfin ba ɗaya ba ne ko'ina: a tsakiyar duniya, kusa da inda muke, wajen 9.78 ne, a can ƙuryar arewa da ta kudu kuwa 9.83.

Wasu za su ce ai maki muke nema, kuma masana sun riga sun gano amsar. To, kusan shekara dubu biyu masana suna bin maganar Aristotle cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa, sai da Galileo, mutumin Italiya, ya gwada da kansa. Shi ma faɗuwar ta yi masa sauri, sai ya riƙa gangaro da ƙwallo a kan katako, yana auna lokaci da zubar ruwa, ya buga sakamakon a 1638. A 1971 kuma David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka faɗi tare. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi damuna shi ne gobe. A cikinmu ne za a sami masu gina gadoji da masu auna wa marasa lafiya magani. Wanda ya saba rubuta abin da bai gani ba tun yana aji biyar, yaushe zai daina?

Saboda haka ina roƙon malamanmu su riƙa ba da maki ga wanda ya kawo 6.9 ya kuma bayyana dalilin kuskurensa. Iyayenmu kuma, in mun zo hutu, bayan duba maki ku tambaye mu yadda muka same shi. Mu kuwa ɗalibai, mu rubuta abin da agogo ya nuna, ko da bai yi mana daɗi ba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.