Wa Ya Aikata, Kuma Don Me? Darasin Matsumoto Ga Marubutanmu

A wajen masu sayar da tsofaffin littattafai da ke kusa da Taminus na tsinci wani littafi da bangonsa ya fara rabuwa, na saya don arha kawai. Da na koma gida Nasarawa Gwom na buɗe shi bayan cin abincin dare, ban rufe ba sai da na ji zakara. Fassarar Ingilishi ce ta wani ƙagaggen labari na ƙasar Japan, sunan marubucin Seicho Matsumoto. Tun daga ranar nake ta tambayar kaina, me ya sa mu ɗaliban Hausa muke nazarin jigon soyayya da na gargaɗi da na siyasa, amma da wuya ka ji an ambaci jigon binciken laifi a aji?

Bari in fara da mutumin kansa. An haifi Matsumoto a 1909, ya tashi a garin Kokura da ke tsibirin Kyushu, a gidan talakawa. Karatunsa bai wuce na firamare ba. Yana ɗan shekara 15 ya zama ɗan aike a wani kamfanin kayan lantarki, daga baya ya koyi aikin ɗab'i. A 1929 'yan sanda suka tsare shi kwanaki saboda irin mujallun da shi da abokansa suke karantawa, mahaifinsa kuwa don tsoro ya ƙone masa littattafai. Ya yi aikin zanen talla a jaridar Asahi, aka ɗauke shi soja aka kai shi Koriya, da yaƙi ya ƙare kuma sai da ya haɗa da fataucin tsintsiya kafin ya iya ciyar da iyali. Sai a 1950, yana da shekara 40 a duniya, ya shiga wata gasar rubutu da gajeren labarinsa na farko, ya zo na uku. A 1953 ya ci lambar Akutagawa, wadda ke cikin manyan lambobin adabi na ƙasarsu. Daga nan bai ajiye alƙalami ba har ya rasu a 1992.

Kafin zuwansa, yawancin labaran bincike na Japan wasa ƙwaƙwalwa ne kawai: gawa a ɗaki a kulle, tsohon gidan masu hali, da wani gwani da zai warware komai a shafin ƙarshe. Matsumoto ya fito da laifin daga wannan ɗaki ya kai shi ofishin gwamnati da tashar jirgin ƙasa. A littafinsa Ten to Sen na 1958, wato ɗigo-ɗigo da layuka, an tsinci gawar wani ma'aikacin gwamnati da ta wata mata a bakin teku a Kashii, kowa ya ce masoya ne suka sha guba. Wani tsohon ɗan sanda ne kaɗai ya tsaya kan wata 'yar takardar kuɗin abinci ta cikin jirgi da aka samu a aljihun mamacin, wadda ta nuna mutum ɗaya ne ya ci. In tare suka yi tafiya, ina matar take? Daga wannan 'yar takarda, da wasu mintoci huɗu a jadawalin jiragen tashar Tokyo, zaren ya kai har ga badaƙalar cin hanci a wata ma'aikata, inda mutuwar ƙaramin ma'aikaci ta zama rufin asirin manya.

Wanda na saya kuwa shi ne Suna no Utsuwa na 1961, ma'ana mazubin rairayi, kuma shi ya fi taɓa ni a matsayina na ɗalibin harshe. An kashe wani dattijo a filin ajiye jiragen ƙasa, ba a san ko wane ne ba. Abin da shaidu suka riƙe kawai shi ne sun ji yana magana da karin harshen arewa maso gabashin ƙasar, sun kuma ji an ambaci kalmar Kameda. Sufeto Imanishi ya yi tattaki har arewa, ya dawo hannu rabbana. Sai da ya je wurin masana harshe suka gaya masa cewa akwai wani yanki can yamma, Izumo, da mutanensa ke da irin wannan lafazi. Da aka kai ga mai laifin, sai ga shi dalilinsa shi ne ɓoye asalinsa, domin mahaifinsa kuturu ne. Mai karatu zai rufe littafin yana tuhumar makashin, yana kuma tuhumar jama'ar da ƙyamarta ta kai shi ga haka.

Ya kai mai karatu, dubi yadda wannan dabara za ta zauna daram a Hausa. Ni ba a cikin Hausa aka haife ni ba, a titi da kasuwa na same ta, kuma na sha dariya a shekarata ta farko saboda nakan ce "rigan nan" maimakon "rigar nan". Abokaina suka ce wannan Hausar Jos ce. Sai da muka shiga darasin karin harshe na gane ashe a Zazzau da Bauchi ma ana jin irin haka. To, a ce shaida ya ji ɓarawo ya ce "rigan nan", mai bincike ya ɗauki mota ya nufo Jos, alhali mutumin Bazazzagi ne. Ko a ce wani ya yi shekara ashirin a Kano yana ɓoye asalinsa, ranar da ya firgita bakinsa ya suɓuce ya ce "mi" a wurin "me". Ga kaya a hannunmu, muna rubuta jarrabawa da su, mu fita mu manta.

Ban ce marubutan Hausa ba su taɓa laifi ba. A 1982, gasar da hukumar al'adu ta tarayya ta shirya ta haifar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona asirin fasa-ƙwauri da yadda mai kuɗi ke sayen masu tsaron doka, da kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mai ɗauke da bindigogi da ta'addancin da suka biyo bayan yaƙin basasa. A ganina Turmin Danya shi ne ɗan'uwan littattafan Matsumoto mafi kusa a adabinmu, don duka biyun sun ɗora yatsa a kan mai babbar riga. Bambancin shi ne, a namu tun farko an nuna maka mugun, aikinka kawai ka jira ranar da dubunsa za ta cika. Ba a ba ka damar yin zargi ka kuskure ba. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, soyayya da zaman aure suka cinye fage, duk da cewa irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun yi ƙoƙari wajen labaran sarƙaƙiya.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, ai nishaɗi ne kawai. A nan ne na saɓa. Ina yaro ƙarami rikicin 17 ga Janairu, 2010 ya tashi daga ɓangarenmu na gari. Na girma ina jin labarin yadda ya fara ta fuska uku, kowace fuska da mai rantsuwa a kanta, kuma ko ɗaya daga cikin masu ba ni labarin bai kasance a wurin ba. Babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a Fabrairun 2002, kangonta na tashi na tarar. Tambayi wanda ya sa wutar, amsar da za ka samu ta danganta ne da unguwar da ka tsaya. An kafa kwamitin bincike na Fiberesima a 1994, na Niki Tobi a 2001, na Bola Ajibola bayan rikicin 2008, amma a majalisar mai shayi "an ce" ita ce ke yanke hukunci. Labarin bincike mai kyau yana horar da mai karatu a kan abu guda: wanda ka fara zargi saboda kamanninsa ko sunansa, sau da yawa ba shi ba ne. Yaron da ya karanta irin wannan littafi goma, in aka kawo masa jita-jita zai tambaya, wa ya gani da idonsa, ƙarfe nawa, kuma wa zai ci riba in na yarda?

Akwai uzuri biyu da na sha ji. Na farko, wai mai karatun Hausa ba zai yarda da ɗan sanda a matsayin tauraro ba. Ai ba dole sai mai kaki ba. Ana iya ba da aikin ga ɗan jarida, ko tsohon magatakardan kotu, ko ungozoma da ta san sirrin kowane gida, ko mai unguwa. Na biyu ya fi nauyi: wai rubuta kisa a gari irin Jos tamkar fama tsohon gyambo ne. Wannan gaskiya ne in marubucin ya shigo da amsarsa a aljihu, ya sa mugu ya fito daga ɓangaren da ba nasa ba. Irin wannan littafi gara a bar shi a cikin durowa. Amma wanda zai bi sawun kuɗi da fili da kwangila, kamar yadda Matsumoto ya bi takardar abinci, zai tarar da masu laifi suna cin tuwo a akushi ɗaya ko da wuraren ibadarsu sun bambanta.

Saboda haka ina roƙon hukumar wannan mujalla ta ware shafi huɗu a fitowa ta gaba don gasar gajeren labarin bincike, da sharaɗi biyu: a yi shi a unguwar da marubucin ya sani, kuma kada mafarki ko boka ya tona asirin. Ni dai na fara nawa. Wani mai sayar da dankali ne ya ɓace a hanyar kasuwar Farin Gada, aka tsinci hularsa a cikin keke napep, direban kuma ya rantse fasinja ɗaya ya ɗauka.